Neman taimako kan tarihin A. N. Hornby da wasan 1882

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana tarihin wasanni. Ina haɗa wa ɗalibaina darasi a kan Albert Neilson Hornby, ɗan Ingila da aka haifa a Blackburn a 1847, ya rasu a 1925. Shi da Andrew Stoddart ne suka taɓa riƙe kyaftin na Ingila a ƙwallon zari-ruga da kuma kurket.

Ɓangaren zari-ruga ya tafi daidai: ya fara buga wa ƙasarsa a 1877, ya buga wasa 9, ya jagorance ta a karawa da Sikotilan a 1882. A kurket ne aikin ya tsaya mini cak. A Agustan 1882 shi ya jagoranci Ingila a filin Oval na Landan, inda Ostiraliya ta ci su da ratar maki 7, kayen da ya haifar da Ashes, gasar kurket tsakanin Ingila da Ostiraliya. Amma W. G. Grace, gwanin zamanin, yana cikin 'yan wasan nan. Hornby kuwa maki 21 kacal ya tara a wasanni 3 da ya buga wa Ingila.

To me ya sa aka fifita shi? Saboda ya kai ƙungiyar kurket ta gundumar Lancashire ga nasara a 1881 ne, ko matsayin gidansu na masu masaƙa? Wa ke da ikon naɗa kyaftin a lokacin? Ba na so in gaya wa yara abin da ba shi da tushe. Don Allah wanda ya san inda aka rubuta hujjar ya nuna mini. Na gode.