Don Allah injiniyoyi ku taimaka: lissafin iska a kan hasumiyar sanyaya ruwa

Ɗan Ajin Ƙarshe: Assalamu alaikum. Aikin kammala digirina a kan hasumiyoyin sanyaya ruwa ne, manyan nan na kankare da ke tashoshin lantarki. Wata huɗu ina fama, kwamfutata ta mutu sau biyu, da ta ɗan ɗakinmu nake lallaɓawa, ga malamina ya yi tafiya ba ya ɗaga waya. Na lissafa nauyin iska a kan hasumiya ɗaya, na ce sauran ukun ma haka suke. Yau wani malami ya leƙa takardun, ya ce "Ina maƙwabta?", ya wuce abinsa. Saura sati uku in kare aikin. Me yake nufi?

Tsohon Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kuskuren da aka yi a Ferrybridge ka maimaita. Tashar lantarki ce a Ingila. Ranar 1 ga Nuwamban 1965 iska mai gudun kusan mil 85 a awa ta kayar da uku daga cikin hasumiyoyinta takwas, kowace ta haura mita 110. Da samfurin hasumiya ɗaya tilo aka yi gwajin iska, alhali layi biyu aka jera su. Iska ta matse tsakanin na gaba, ta fito da ƙarfi tana murɗawa, ta daki na baya. Na bayan ne suka zube. Ba ka ga yadda iskar farkon damina ke ƙara ƙarfi a lungu ba?

Maman 'Yan Biyu: Yallaɓai, ai wani lokacin na gaba kare na baya suke yi, nauyin ya ragu. Ya danganta da tazara da inda iska ta fito. Kai ɗalibi, mita nawa ne tsakaninsu?

Tsohon Injiniya: Hajiya, matsakaicin nauyi zai iya raguwa, amma bugun da ke zuwa farat ɗaya ƙaruwa yake yi, kuma shi ke tsaga kankare. Bangon nan bai wuce inci biyar ba a Ferrybridge.

Ɗan Ajin Ƙarshe: Na gode Yallaɓai, amma fa malamina ya ga babi na uku ya sa hannu. Kuma littafin da na bi hasumiya ɗaya ya nuna.

Na Sabon Gari: Ka gode wa Allah naka ya karanta. Nawa sai daren kare aiki ya ce in canza take. Rubuta cewa bincikenka bai shafi maƙwabta ba, ka karɓi takardarka.

Tsohon Injiniya: Haka ake yaye masu rusa gini! Ya sake lissafin, ya saka har ɗakin tukunyar tururi da bututun hayaƙi.

Maman 'Yan Biyu: Har yanzu bai faɗi tazarar ba.

Ɗan Ajin Ƙarshe: Hajiya, ba a ba ni tazara ba, ni na zana su. In na sake lissafin, wa zai ara mini kwamfuta?