Manuwal ko otomatik: wace ƙaramar mota ce ta dace da mazaunin Birnin Kebbi?

Tambaya daga wani malamin makaranta, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne, ina zaune a unguwar Badariya, kuma bayan shekaru masu yawa ina hawan babur, Allah ya hore mani abin da zan sayi ƙaramar mota. Dillali ya nuna mani Toyota Corolla guda biyu, dukansu samfurin da aka yi tsakanin 2003 da 2008, ɗaya manuwal ce mai giya biyar, ɗayar kuma otomatik ce, sannan otomatik ɗin ta fi tsada.

Abin da ya sa na kasa yanke shawara shi ne ba ni kaɗai zan riƙa tuƙa motar ba. Maiɗakina tana aikin jinya, wasu lokuta aikin dare yakan faɗo kanta, kuma ba ta taɓa koyon tuƙi ba. Ni kuma kusan kowane wata nakan je gaida mahaifiyata a ƙauyenmu da ke bayan Bunza, inda ƙarshen hanyar rairayi ne da rani, taɓo kuma da damina. Yayana, wanda ya daɗe da mota, ya ce kada in kuskura in sayi otomatik, domin tana shan mai, kuma ranar da giyarta ta lalace kuɗin gyaran zai kusa kai na wata motar. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su ba ni shawara, musamman a kan shan mai, da gyara, da irin hanyar da na bayyana.

Amsa daga wani makanike, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri. Yayanka ya faɗi gaskiya a wani ɓangare, amma maganar tasa tana buƙatar a warware ta, kuma zan fara da abin da nake gani a gareji.

Manuwal ba ta da ɓoyayyen al'amari. Abin da ya fi lalacewa a jikinta shi ne faifan kuloci, wanda dama an yi shi ne don ya riƙa cinyewa kamar yadda takalmin birki yake cinyewa, kuma babu makanike a Birnin Kebbi, ko Jega, ko Argungu, da ba zai iya sauke giya ya canza shi a yini ɗaya ba. Otomatik kuwa ba ta da kulocin da ake takawa. Man giya ne yake ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa shi ga giya, kuma matsin wannan man ne yake canza giyar da kansa. Saboda haka lafiyarta gaba ɗaya ta dogara ne a kan man giya, irinsa da tsabtarsa da kuma zafin da yake ɗauka. A nan ne garinmu yake shiga cikin lissafi, domin daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma a yawancin waɗannan motoci ta cikin lagireto ake sanyaya man giya. Idan lagireton ya toshe, ko fanka ta daina aiki, ba inji kaɗai ke wahala ba, giyar ma tana dahuwa ba tare da mai motar ya sani ba.

Mafi yawan giyoyin otomatik da ake kawo mani a mace ba tsufa ne ya kashe su ba. Ko dai an zuba masu man da ba nasu ba, ko an bar man ya yi shekaru ba a duba shi ba, ko kuma direba ya saba jefa motar a ribas tun ba ta gama tsayawa ba. Corolla ta shekarun da ka ambata tana amfani da man da ake kira T-IV, kuma giyarta mai hawa huɗu ce, mai sauƙin ƙira, wadda aka san ta da juriya idan an kula da ita. Sababbin ƙananan motoci da yawa kuwa suna zuwa da wata irin otomatik da ake kira CVT, wadda take aiki da bel na ƙarfe, tana da man kanta daban, kuma masu iya buɗe ta ba su da yawa a nan yankin. Da irin wannan aka nuna maka, da na ce ka dakata tukuna.

Game da tsadar gyara, gaskiya ne idan otomatik ta mutu, galibi ba gyara ta ake yi ba, wata ake nemowa daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, kuma ita ma wadda aka kawo ɗin tsohuwa ce, ba wanda ya san tarihinta. Wannan shi ne haɗarin, kuma maganinsa yana wurin saye. Kada ka amince da gwajin minti biyar a harabar dillali, domin giya mai ciwo takan ɓoye ciwonta muddin tana da sanyi. Ka ɗauki makanike naka na kanka, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ku kama hanyar Kalgo ku je ku dawo har motar ta yi zafi sosai. Sannan a zaro sandar auna man giya a goga a farin ƙyalle. Lafiyayyen mai ja ne ko ja mai ɗan duhu, wanda ya koma baƙi yana warin ƙuna kuwa alama ce ta a bar motar. Ka taka birki ka sa ta a D, wato giyar tafiya gaba, ka mayar da ita R, wato ribas, ka lura ko tana jinkiri kafin ta kama ko tana bugawa da ƙarfi. A kan hanya kuma, idan ka ji inji ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba, giyar tana zamewa.

Ita ma manuwal ɗin kada ka ɗauka lafiya ƙalau take don kawai manuwal ce. Ka sa ta a giya huɗu tana tafiya a hankali ka taka totur sosai, idan inji ya yi ƙara motar ba ta ja ba, kuloci ya ƙare. Idan kuma tana gurzawa lokacin shiga giya biyu ko uku, aikin ya wuce na kuloci, ya shiga cikin giyar kanta. Akwai kuma abin da nake roƙon kowane mai saye ya yi. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da wurin jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari, kuma akwai masu wannan na'ura a cikin gari. Ɗan kuɗin da za ka biya a duba maka bai kai komai ba idan aka kwatanta da kuɗin giya.

Amsa daga wata ma'aikaciya, Gwadangaji

Malam, ina taya ka murna, kuma ina so in yi magana a kan abin da ya shafi maiɗakinka, domin na bi ta hanyar da za ta bi. Da manuwal na fara koyo, kuma na yi watanni ina fama da haɗa kuloci da totur. Tsoron kada mota ta mutu mani a tsakiyar shataletale, masu babur da Keke Napep suna ta matsa hon a bayana, ya sa na ajiye tuƙi gaba ɗaya na kusan shekara guda. Da muka koma otomatik, cikin makonni kaɗan na fara kai yara makaranta da kaina, saboda hankalina ya koma kan titi, ba kan ƙafata ba.

Macen da za ta fito daga asibiti bayan sallar asuba, ta kwana a tsaye a kan marasa lafiya, tana buƙatar motar da ba za ta ƙara mata wani aiki ba. Ba ina nufin mata ba za su iya manuwal ba, akwai 'yan'uwana da suke tuƙa ta har Sakkwato su dawo. Abin da nake cewa shi ne ka zauna da ita ka tambaye ta, domin motar da mutum ɗaya kaɗai yake iya tuƙawa a gida ba ta biya buƙatar da aka saye ta dominta ba, musamman ranar da ba ka gari kuma yaro ya tashi da zazzaɓi cikin dare. Idan kun zaɓi otomatik, mai koya mata ya nace tun ranar farko cewa ƙafar dama kaɗai ake amfani da ita, ga birki ga totur, ta hagu kuma ta zauna a wurinta.

Amsa daga wani tsohon direban haya, Jega

Ɗana, na yi shekaru ina jigila tsakanin Jega da Yawuri, kuma ban taɓa ɗaukar fasinja da otomatik ba, saboda haka ka san ɓangaren da na fito. Ka duba tashoshinmu, Golf ce ta cika su, kusan dukansu manuwal, kuma ba don son wahala direbobi suka zaɓe ta ba. Dalili na farko shi ne batir. Idan batirin manuwal ya yi sanyi a ƙauye, samari uku za su tura ta, ka sa giya biyu ka saki kuloci ta tashi. Otomatik ba ta tashi da turi ko kaɗan, sai an samo wani batir ko wayar jona wuta. Haka kuma idan ta mutu a hanya ba a ɗaura mata igiya a ja ta tafiya mai nisa, domin famfon da ke zagaya man giya da inji yake aiki, idan inji a kashe yake giyar tana juyawa ne a bushe. Wanda yake zuwa bayan Bunza kowane wata ya kamata ya sa wannan a ransa.

A rairayi da taɓo kuma, manuwal tana ba ka iko, kai ne kake zaɓar giyar da za ka shiga da ita kuma ba za ta canza maka a tsakiyar wuri ba. Amma gaskiya ɗaya ce, a otomatik ma akwai L da 2, wato ƙananan giyoyi, a ƙasan D, kuma don irin wannan wuri aka yi su, sai dai mutane ba sa amfani da su. Ƙaramar mota kuwa ƙaramar mota ce, ƙasa-ƙasa take, idan cikinta ya zauna a kan rairayi babu irin giyar da za ta fitar da ita sai shebur da mutane.

Batun mai, tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin kwanaki kaɗan, daga nan kuma ta ci gaba da hawa, don haka ba na ganin laifin mai lissafin kowace lita. Tsohuwar otomatik mai hawa huɗu takan fi manuwal mai giya biyar shan mai, amma bambancin ba shi da yawa, kuma ga malamin da tafiyarsa daga gida zuwa makaranta ce, taya mara iska da fulogi da ya tsufa za su ci masa fiye da haka. Abin da nake gargaɗinka a kai shi ne ɗabi'ar sa mota a firi, wato fitar da ita daga giya, a gangara don tsimin mai. Na ga abin da ta jawo a hanya, domin tana raba direba da taimakon inji ta bar shi da birki kaɗai. Kada ka yi ta, ko da wace iri ka saya.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganar batir ta shige ni, domin a ƙauyenmu motocin da ake gani ba su da yawa. Hajiya, na bi shawararki na tambayi maiɗakina, ta ce otomatik take so amma ta yi shiru ne saboda ta ga kuɗin ya fi yawa. Saura tambaya ɗaya ga Malam makanike. Dillalin ya ce in sayi otomatik ɗin, idan ta ba ni matsala daga baya sai a mayar da ita manuwal. Shin wannan magana ce da za a dogara da ita?

Makanike

Malam, kada ka sa wannan a cikin lissafinka. Ana yin aikin, ni ma na gani, amma ba giya kaɗai ake canzawa ba. Sai an sa fedar kuloci, an canza sandar giya da wasu ƙarafan da ke kai ƙarfi ga tayoyi, an taɓa wayoyi da kwamfutar inji, kuma motar da aka yi wa haka darajarta takan faɗi ranar da ka tashi sayarwa. Dillalin da ya fara yi maka maganar abin da za a yi idan giya ta lalace, tun ba ka biya ba, ya ba ka dalilin tsananta bincike a kan wannan giyar.

Tun da ku biyu za ku tuƙa, kuma yawancin zirga-zirgar a cikin gari ce, ni otomatik ɗin zan ce ka ɗauka, da sharaɗin ta ci gwajin da na bayyana. Idan ta faɗi, kada ka sauko da sharaɗin don an rage maka kuɗi, ka nemi wata, domin wannan samfurin yana da yawa a kasuwa. Idan ta ci, ka ware wani abu daga kuɗin tun yanzu a duba man giya a canza shi da irin nasa, a wanke lagireto, a sa sabon batir, sannan ka sayi wayar jona wuta ka ajiye a but saboda tafiyar ƙauye. A ƙarshen hanyar nan mai rairayi ka sauko da ita zuwa 2 ko L tun kafin ka shiga, idan kuma ta kafe kada ka yi ta taka totur tayoyi suna juyawa a wuri ɗaya, domin wannan yana dafa man giya cikin mintuna kaɗan. Da damina ta kankama, a watan Agusta, ka bar motar a Bunza ka ƙarasa da babur.