Muhawara: Wai makarantar unguwa ta wadatar? Iyaye Hausawa a Jidda sun ja daga

Mai kula da zaure: Assalamu alaikum jama'a. Wata 'yar'uwarmu za ta tashi daga unguwar Safa zuwa ta Harazat da yara uku, ta nemi shawara kan makaranta. Jiya Alhaji Baban Usama ya ba ta amsa cewa duk wanda ya koma sabuwar unguwa ya sa yaransa a makarantar gwamnati mafi kusa da gida, kuɗin makarantar kuɗi asara ne. Maganar ta ja ce-ce-ku-ce ta bayan fage, shi ya sa na kawo ta fili. Kowa ya zo da hujjarsa, ban da gori.

Baban Usama: Wa alaikumus salam. Ina nan kan bakana. Makarantar gwamnati kyauta ce, littattafai kyauta, manhaja ɗaya ce daga Jizan har Tabuk. Da can ana cewa babu Turanci, to tun 2021 ana koyar da shi daga aji ɗaya na ibtida'i, wato firamare. Sannan mu duba aljihu. Kuɗin da ake biya wa iyali a kan igama, wato takardar izinin zama, ya fara da riyal 100 a wata a 2017, ya kai 400 a 2020. Mai mata da yara huɗu riyal 24,000 yake fitarwa a shekara tun kafin ya taɓa haya ko cefane. A ina zai samo kuɗin makaranta da na direba? Kuma mun gani da idonmu lokacin da aka rushe Gulail da Karantina da Sabil, mutane suka watsu zuwa gefen gari. Waɗanda suka nace wa makaranta mai nisa, yaransu sallar asuba kawai suke jira a ɗora su a mota, su dawo a galabaice, ba bita ba hadda.

Maman Hanan: Alhaji, batun nisa gaskiyarka ne, babu uwar da za ta musa. Inda na rabu da kai shi ne da ka mai da abin kamar shiga masallaci, kana zuwa ka sami sahu. A Nur, shafin rajistar ɗalibai na Ma'aikatar Ilimi, 'yan ƙasa ake fara buɗe wa rajista, mu sai daga baya, in da sauran gurbi. Unguwannin da jama'a suka kwarara cikinsu bayan rusau kuwa ajujuwa a cike suke. To idan ka riga ka sa hannu a takardar haya ta Ijar, shafin rajistar haya na gwamnati, ka mayar da adireshinka can, sannan aka ce maka babu wuri fa? Shekara guda ke nan ka ɗaure kanka. Ni shawarata ga 'yar'uwar nan, ta fara zuwa wajen mudira, wato shugabar makarantar, ta ji ko akwai gurbi a ajin kowane yaro, kafin maigidanta ya biya ko kuɗin dillali.

Malamin Lissafi: Alhaji, Allah ya ƙara girma, tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da Usama ya gama sanawi, wato babbar sakandare, ina zai dosa? Duk muhawarar nan a kan wannan take, sai muke ta kewaye-kewaye. Jami'o'in gwamnati a nan galibi ba sa ɗaukar baƙo sai ta hanyar minha, wato tallafin karatu, kuma guraben ba su kai yawan masu nema ba. Ɗa namiji ma ba zai dawwama a ƙarƙashin igamar ubansa ba. Idan Najeriya ya nufa, kiredit biyar ake nema ciki har da Turanci da lissafi, ga JAMB wadda Turanci dole ne a cikinta ko me za ka karanta. Koyon Turanci a matsayin darasi ɗaya daban, karanta kimiyyar sinadarai da fiziks cikin Turanci daban. Na zauna da samari da suka fito sanawi da sakamakon da kowane uba zai yi alfahari da shi. Ka karanta musu tambayar da Larabci, nan take su warware ta. Ka ajiye musu takardar yadda take, sai su yi zuru. Ilimin yana nan, harshen jarrabawar ne babu. Wasu sai da suka koma aji biyar na sakandare a Kano ko Zariya suna zaune da ƙannen bayansu, kuma ba kowane saurayi ke jure wannan ba. Akwai makarantar Najeriya a nan Jidda, NECO na gudanar da jarrabawarta a Saudiyya, JAMB ma ta sa Jidda cikin cibiyoyinta na ƙasashen waje. Wanda ya san yaransa gida za su koma, nisan makaranta ƙaramar wahala ce a kan wadda ke jiransa.

Baban Usama: Malam, wa ya ce maka za su koma? A nan aka yanke musu cibi. Larabcinsu ya fi Hausarsu. Kana so in raba yaro da harshen da zai ci abinci da shi a ƙasar da yake zaune, saboda wata tafiya da babu ranarta?

Malamin Lissafi: Ban ce ka raba shi da Larabci ba, Alhaji. Na ce takardar da ke aljihunka ce ke faɗin zamanka, ba wurin yanke cibi ba.

Hajiya Babba: Yarana, ku saurara. Ni a Makka na tashi, wajen Shari'u Mansur. Iyayenmu kullum cewa suke baɗi za a koma gida, saboda haka ba a tsananta wa karatunmu na nan ba. Har ƙasa ta rufe idonsu ba su koma ba, mu kuma muka tashi ba takardar nan ba ta can. Daga baya na ga akasin haka. Bayan an sa kuɗin iyali, gidaje da yawa da suka rantse ba inda za su, a cikin wata guda suka haɗa kaya, uwa da yara suka sauka a Kano, uba ya zauna shi kaɗai. Saboda haka ku duka biyun kada wanda ya yi magana kamar ya san gobe. Abin da na fi damuwa da shi ban ji kowa ya taɓo ba: wa zai ɗauki yarinya ya kai ta, wa zai dawo da ita? Direban nan kun san shi? Da wa take zama a motar tsawon tafiyar? Ni dai jikata ba za ta ratsa Jidda kullum da mutumin da ban san gidansu ba, ko da makarantar ta fi kowace kyau. Kuma a tuna akwai makarantun tahfiz na gwamnati, ana karatun zamani ana hadda. In akwai ta kusa, a fara dubawa.

Abu Rayyan: Allah ya ƙara lafiya, Inna. Ni ɗan ƙasa ne, kakanmu ne ya zo, don haka maganar Alhaji ta fi dacewa da irina. Amma ko a hakan ban yarda duk makarantun gwamnati ɗaya ba ne. Manhaja ɗaya, i. Mudir ba ɗaya ba, malamai ba ɗaya ba, wata ginin gwamnati ce mai fili, wata gidan haya ne aka mayar makaranta. Hukumar tantance ilimi tana fitar da jerin Tartib na makarantun sanawi bisa sakamakon Ƙudurat da Tahsili, jarrabawar neman shiga jami'a, ga jarrabawar Nafis da ake yi wa 'yan aji uku da shida na ibtida'i da aji uku na mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare. A duba waɗannan. Bayan haka a je da ƙafa a tsaya bakin ƙofa lokacin tashi, gani ya kori ji. Yadda yara ke fitowa, da ko akwai malamin da ke tsayawa har na ƙarshe ya tafi, zai gaya maka abin da mudir ba zai faɗa ba.

Ɗan Damagaram: Malam, kuna ta NECO da JAMB kamar duk zauren 'yan Najeriya ne. Mu na Nijar Faransanci ne a gabanmu da BAC, jarrabawar gama sakandare. Makarantar Turanci ba ta tsinana mana komai can. Ni nawa suna ta gwamnati, domin in aka koma akwai makarantun Faransanci da Larabci, ga Jami'ar Musulunci ta Say. Larabcin nan jari ne a wajenmu.

Malamin Lissafi: Na karɓi gyara, ɗan'uwa, hanyarku daban. A Najeriya ma wanda zai karanta Larabci ko Shari'a a Bayero ko Ɗanfodiyo, makarantar gwamnati ta nan ta ba shi tushe mai ƙarfi. Amma mai son likitanci ko injiniya fa? Ka ga kai ma ka zaɓi makaranta ne bisa inda yaranka za su, ba bisa kusanci ba. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Maman Hanan: Kafin a wuce, kada wani ya ji maganar Malam ya ruga duk inda aka ce ana Turanci. Akwai waɗanda ke buɗe aji a cikin shagga, wato gidan zama na haya, kuɗi da sauƙi, babu lasisin Ma'aikatar Ilimi. Maƙwabciyata ta sa nata a irin wannan, ranar da ta zo canja musu makaranta aka ce takardunsu ba su karɓuwa. A nemi ganin lasisi, a tambayi wace jarrabawa ɗalibansu ke rubutawa a ƙarshe, kuma a wace cibiya.

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum iyayena da yayyena, ni ce mai tambayar. Na gode, Allah ya saka. Babbar tana aji biyu na mutawassiɗ, tun farko a ta gwamnati take, kuma tana ƙoƙari. 'Yan biyu baɗi za su shiga aji ɗaya. Maigida kwantiragin kamfani yake, ana sabunta masa shekara-shekara.

Malamin Lissafi: To ƙanwata, babbar kada a tumɓuke ta yanzu. A mayar da ita ta gwamnati a Harazat ta hanyar Nur, a nemo mata mai koyar da Turanci da lissafi na manhajar Najeriya da yamma, tun bana, ba sai ta kai sanawi ba. 'Yan biyun ne ke da zaɓi. Mai kwantiragin shekara-shekara, ni dai Turanci zan ce.

Baban Usama: Kan babbar mun haɗu. Kan 'yan biyu ban sauka ba. Yaro ɗan shekara shida barci yake buƙata da makarantar da uwarsa za ta iya takawa in an kira ta. Su yi ibtida'i a unguwa, su kama Alƙur'ani da Larabci, darasin yamman ya haɗa da su. In sun kai aji huɗu ko biyar, lokacin an ga inda aikin ubansu ya dosa.

Malamin Lissafi: Aji biyar ya yi nisa, Alhaji. Aji uku ne iyaka a wajena.

Hajiya Babba: Ke dai 'yata, ki gaya wa maigidanki ya dakata da sa hannu a hayar nan tukuna.

Maman Hanan: Ranar Lahadi ina da hanya wajen Harazat, ƙanwata. Ki taho da igamar yaran, da sakamakon babbar na zangon da ya wuce, da katin rigakafin 'yan biyu. Mu fara da ta 'yan mata, in babu gurbi a ajinta sai maigidan ya nemi gida a wani wurin.