Taƙaitawa: wankin akwatin macijin da ake kiwo a gida

Na tattaro abin da jama'a suka faɗa a kan yadda ake wanke akwatin maciji. Inda bakinsu ya zo ɗaya:

1. A fara fitar da macijin zuwa wani mazubi mai murfi da ramukan iska. In bai cika kwana 2 da cin abinci ba, a ɗaga wankin, don taɓa shi na iya sa ya amayar.
2. Kashi a kwashe ranar da aka gan shi, tare da shimfiɗar da ta jiƙe. Ruwan kwano a canza kullum.
3. Sabulu tukuna, sannan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Magani ba ya ratsa dauɗa.
4. Banda magani mai sinadarin fenol, guba ne ga maciji. Kada a haɗa bilic da amoniya ko ruwan khal.
5. Macizai na ɗauke da Salmonella, ƙwayar cuta mai kama mutane, saboda haka kada a yi wankin a wurin wanke-wanke, kuma a wanke hannu bayan an gama.

Inda aka rabu: wasu na amfani da bilic mai ruwa da yawa, su bar shi minti 10, su ɗauraye har warin ya ɓace. Wasu sun fi son chlorhexidine, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, don ba shi da ƙauri. Ni ina tare da masu chlorhexidine, sai dai masu bilic sun ce nasu ya fi ƙarfi in cuta ta ɓulla. Babban wanki kuwa, wasu duk wata, wasu sai shimfiɗa ta fara wari.