Asara ta ƙi ƙarewa a wasan poka na intanet

Makonni uku ke nan ana cinye ni a wasan Texas Hold'em (wani nau'in poka, wato cacar kati) na intanet, alhali ban sauya salon wasana ba. Ko da aka raba mini katin A guda biyu (rabon farko mafi ƙarfi a wasan), wanda ke zuwa kamar sau ɗaya a rabo 221, a katin ƙarshe aka doke ni, daga nan zuciya ta ɗebe ni na riƙa zuba kuɗi domin in maido da abin da na rasa. Don Allah, ta yaya zan bambance rashin sa'a da kuskurena? Sannan na saba shan giya ranar wasa. Shin komawa ga marar sa maye zai ƙara mini natsuwa, ko kuwa hutu ya kamata in ɗauka gaba ɗaya?