Kyamara a kashe, mutum ya halarci horon sulhu ko bai halarta ba?

Sakatare: Assalamu alaikum. Bayan horon sasanci da aka yi mana ta Zoom ranar Asabar, Barista ya kawo shawara: daga zama na gaba, duk wanda bai bar kyamararsa a kunne ba, a ɗauka bai zo ba, kuma ba shi da takardar shaida. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa kafin mu kai wa masu shirya horon.

Barista: Wa'alaikumus salam. Ina nan kan bakana. Mai koyarwa ta yi ta kiran wani, shiru, da makirfonsa ya buɗe sai ga ɗan kamasho yana kiran fasinjan Bajoga. Wannan ne gobe zai zauna tsakanin manomi da makiyayi kan ɓarnar gona? Labarin zuciya a tambayi fuska. Mai sulhun da bai koyi duba fuskar mutane ba, me ya koya?

Malama: Barista, kai kana ofis cikin Gombe da sola a kanka. Mu a Kaltungo da waya muke shiga, kuma bidiyo ne ke cinye data. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa lissafi yake yi. Ka kunna kyamara sabis ya yi rauni, muryar ma ta dinga yankewa. Sannan ba kowace matar aure ce za ta buɗe ɗakinta ga taron maza ba. Dokarka mata za ta fara kora, alhali rikicin kishiyoyi da na gado mu ake fara kawo wa.

Kawu: A faɗi gaskiya mana. Lokacin da ake yi a zauren otal akwai shinkafa da kuɗin mota, shi ya sa kujeru ke cika. Kuma bayan azahar rabinmu gyangyaɗi muke, fuska a waje, mai koyarwa na kallo.

Barista: Kawu, mai gyangyaɗi ana iya zungurarsa. Baƙin allo fa?

Ardo: (ɗansa ke rubutawa) Baba ya ce a gaishe ku. Ya ce a wajenmu sai an hau tudu ake samun sabis, kuma bai kunna komai ba, amma ya ji. Mai koyarwar ta ce kada mai sulhu ya fara da tambayar wa ke da laifi, ya fara da jin abin da kowa ke tsoron rasawa. Ya ce haka ne: manomi asarar amfanin shekararsa yake tsoro, makiyayi kuma burtalin da aka nome. Ya ce a tambayi masu kyamara ko sun riƙe wannan.

Fasto: Ranka ya daɗe Ardo, ka gama magana. Ni damuwata daban ce. A Billiri tun rikicin sarautar Mai Tangale a Fabrairun 2021, mutane na auna kalma kafin su furta. Ranar Asabar ana naɗar zaman, sai aka ce kowa ya ba da misalin rikicin da ya taɓa shiga. Shirun da ya biyo baya ba na rashin sha'awa ba ne. Wa zai ba da sirrin garinsu da fuskarsa a bidiyon da bai san inda zai ƙare ba? A daina naɗa lokacin misalai, a sauya sunayen mutane da na garuruwa, za ku ji baki ya buɗe.

Auta: Iyayena, ni na riƙe na'ura ranar, ku bar ni in ce wani abu. Mai koyarwa ta yi kusan awa tana magana ita kaɗai da rubutun Turanci a allo, wanda a waya ko karantuwa ba ya yi. Ko ni hankalina ya tafi. Zoom na da ƙananan ɗakuna da ake raba mutane. A sa uku-uku: ɗaya manomi, ɗaya makiyayi, ɗaya mai sulhu. Sharaɗi guda: mai sulhu ba zai kawo mafita ba sai ya maimaita ƙorafin kowanne da bakinsa, har mai ƙorafin ya ce e, haka nake nufi. Sai a juya, kowa ya ɗana kowane matsayi. Wanda ke tasha ba zai iya wannan ba, ko kyamararsa na kunne.

Malama: Allah ya yi maka albarka, Auta. A ƙara da cewa manomin gaske ya zama makiyayi a wasan.

Barista: Daɗin faɗi gare shi. Sabis ya yanke wa ɗaya, ya dawo ya tarar da kansa a babban ɗaki, sauran biyun na zaman jira. Kuma ka haɗa yaro da Hakimi ɗaki guda ka ce ya yi masa sulhu, zai iya ɗaga murya? Ku tuna dokar tarayya ta 2023 kan sasanci ta ba yarjejeniyar sulhu nauyin da kotu za ta iya tilasta aiki da ita. Takardar shaidar nan ba ta ado ba ce.

Auta: Maganar Hakimi gaskiya ce, Yallaɓai. Ranar ma da hayaniya ta yi yawa na rufe makirfon kowa, har da na Mai Girma yana tsakiyar magana, sai da Sakatare ya je ban haƙuri. Manya a haɗa su da manya. Wanda ya yanke kuma ina iya mayar da shi ɗakinsa, in an ba ni mataimaki.

Liman: Zama biyu gajeru sun fi ɗaya dogo. Zoom na kyauta ma minti 40 yake yankewa, ku ɗauki wannan ya zama ma'auni. Kuma a tashi kafin la'asar, don da an kira salla rabi sun tafi, ba duka ke dawowa ba.

Barista: To na rage. Wanda ke matsayin mai sulhu ya kunna kyamara na mintocin da yake yi kawai.

Malama: Ban yarda ba. Ardo fa, daga kan tudu?

Barista: Ardo ya zo ofishina, akwai wuri.

Kawu: Wa zai biya masa mota? Sakatare, in za ka rubuta musu, ka sa maganar kuɗin data a layin farko.

Sakatare: Zan rubuta ɗakunan uku-uku, da daina naɗa, da zama biyu, da data. Ta kyamara ba a daidaita ba, zan kai ra'ayin Barista da na Malama kowanne yadda yake.

Fasto: Zama na biyun dai kada ya faɗo Lahadi da safe.