"Da ɗan gari akan ci gari": wa ke ci, wa ake ci?

Ɗan Adar:
Salamu alaikum jama'a. A tashar Tawa na ji wani dattijo yana ma wani yaro mai shirin fara kai albasa Abijan nasiha, ya ce mishi "da ɗan gari akan ci gari, ka samu mutuminka can tun mota ba ta tashi ba". To ni a sanina wagga magana ta yaƙi ce da cin amana, ba a shiga birni sai wani na ciki ya buɗe ƙofa. Yaushe ta koma nasihar kasuwa?

Baba Direba:
Wa alaikumus salam ɗana. Dattijon bai yi kuskure ba. Ka ɗauko albasar Galmi ko ta Madawa cike da kamiyo, ka ratsa Burkina da duk wahalar hanyar nan, ka sauka kasuwar Ajame ta Abijan ba ka san kowa ba, wa zai ba ka wurin saukewa, wa zai ce maka waccan mata tana biya wancan kuma ɗan cin bashi ne? Albasa ba atamfa ba ce da za ka aje ka jira, kwana kaɗan cikin ɗumin can ta fara ruɓewa. Haka kakanninmu sunka yi fataucin goro zuwa Gwanja, kowane fatake da mai gidansu a zango, shi ka saukar da su, shi ka tsaya musu in an ba da kaya bashi. Har Sabo ta Ibadan da shanu haka tsarin yake.

Hajiya mai atamfa:
Baba gaskiyarka, amma ka bar rabin zancen. Ɗan garin nan da ka dogara da shi in ya san komai kai ba ka san komai ba, to kai ne garin da za a ci. Ni na taɓa haɗa jari da wani mai sayo mana kaya daga Kwatano, shi ya san kuɗin dila, shi ya san na duwan, shi ya san na mota, ni ina zaune shagona a Wadata sai abinda ya faɗa min, kullum "Hajiya kaya sun hau", ban taɓa jin ranar da sunka sauka ba. Ban ce ya sace min ba, Allah shi ya sani, amma shago bai ci gaba ba sai da na fara tambayar wasu mata masu zuwa da kansu.

Ɗan Adar:
Kenan Hajiya kina bayana, cin amana ce.

Hajiya mai atamfa:
A'a ƙanena, ban bar aiki da mutanen can ba har gobe. Na dai daina zama makauniya.

Malamin lissafi:
Ni inda nake ganin matsalar daban ne. Mu 'yan Adar in za mu nemi ɗan gari sai mu nemi ɗan garinMU da ke zaune can, ɗan kawu, ɗan unguwa, wanda ya tafi bida shekaru. Amana akwai, amma sau da yawa abinda ya sani shi ne abinda ka sani, abokan cinikinshi su ne na kowa, duk mu taru wuri guda muna karya ma juna farashi. Ku duba bayan juyin mulkin Nijar na 2023 da iyakar Benin ta rufe, wanda duk mutanenshi na Kwatano ne ya tsaya cik, wanda ke da ko mutum guda a tashar jirgin ruwan Lome ya samu ya juya kayanshi ta Burkina ko da tsada. Haka a Ankara ta Gana, 2021 da anka tashi masu albasa daga kasuwar Agbogbloshie zuwa ta Adjen Kotoku, ai mai jin labari da wuri shi ya san inda zai tura mota.

Baba Direba:
Malam wanga lissafin allo ne. Baƙon da ba danginka ba in ya gudu da kuɗinka gidan wa za ka kai ƙara? Ɗan kawu ko ba komai uwarshi na nan ƙauye, kunya za ta kama shi.

Malamin lissafi:
Baba da girmanka, ɗan kawun ma shi ne wanda ba ka iya ce ma "nuna min takarda" don kar a ce ka ɓata zumunci. Asara nawa anka binne saboda kunya?

Manomi daga Galmi:
Kuna ta zancen Abijan, mu nan gona ake cinmu. Watan uku da na huɗu kowa ya cire albasa, buhu ya faɗi, dillali ya zo ya san farashin Ankara na safiyar ranar, ni ban sani ba kuma bashin taki na wuyana. Wanda ya iya zubawa a rudu, wato rumbun aje albasa, ya jira har bayan damina shi ka ganin riba, in ba ta ruɓe mishi ba. Yanzu da WhatsApp yarana na tambayar farashi can kafin mu buɗe baki, dillalin ya rage mana wasa, amma har yanzu shi ke da mota da mai saye.

Ɗan Adar:
To yaron can na tasha mi za a ce mishi, ya amince da mutumin ko kar ya amince?

Hajiya mai atamfa:
Ya bi motar da kanshi tafiyar farko, ya tsaya wurin ciniki ya ji da kunnenshi, ya karɓo lambar mutum biyu da ba su san juna ba.

Baba Direba:
In mai gidan ya ji yana tambayar farashi wani wuri zai yi fushi fa Hajiya, na ga an kori yaro da kayanshi kan haka.